Igiyar Yaya Inuwa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Yaya Inuwa ya san gaisuwarsa tana da wutsiya. Zai tambaye ka kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, kamar kowane dattijon kirki a Madabo. Kana shirin zare hannunka sai ya ƙara damƙe shi, ya sassauta murya kamar mai tambayar jikin majinyaci, ya ce, "To ya rijiya?" In ka yi gangancin cewa lafiya lau, ka jawo wa kanka tsayuwa. "Lafiya lau ɗin gaba nawa ne? Ka leƙa kuwa, ko dai faɗa kawai kake yi?" Shi ya sa yaran unguwa suka laƙa masa Malam Gaba-Nawa, kuma ko sau ɗaya bai ji haushi ba. Cewa yake gara su, sun koyi tambaya mai amfani.

Ku da kuka zauna da shi kun san kuma yadda yake shan ruwa a gidan mutane. A kawo masa a kofi mai kyau, da sanyinsa, ana ganin an karrama baƙo. Sai ya ɗaga ya duba ta wajen haske, ya shinshina kamar mai cinikin turare a kasuwar Kurmi, ya yi bismilla ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki yana kallon rufin ɗaki. Mai gida na zaune tsuru yana jiran hukunci. "Rijiyar nan taku ta yi kusa da kwata," zai ce, ko kuwa, "Gishiri ya fara shigo muku." In aka yi masa musu ba ya ja da nisa, kalmarsa ɗaya ce: "A dai leƙa."

Ni ce Rabi, autar ɗakinmu. Har na yi jikoki, na je Makka na dawo da haƙorina na zinariya, bai daina kirana Auta ba. Kuma bari in gaya muku tun yanzu, duk wanda ya ce ya sha wahalar Yaya Inuwa, a bayana yake. Ku tsayuwa kawai kuka sha a bakin titi. Ni kuwa mutuncina na zuba a jaka na yi ta yawo da shi gida-gida, shekara da shekaru.

A ma'aikatar ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya. Aikin nasa shi ne ya zagaya rijiyoyin da aka ware, ya auna inda ruwa ya tsaya, ya ɗebo kaɗan a kai ɗakin gwaji a ga ko yana shawuwa. Ranar da ya ajiye aiki sun karɓi babur ɗinsu, sun karɓi na'urarsu, amma ba wanda ya tuna ya karɓe masa son abin. Yana dawowa gida ya haɗa tasa na'urar: doguwar igiya mai ƙwari, a ƙarshenta gwangwanin tumatir a kife, da ɗan darma don nauyi. In ka zura ta, gwangwanin na taɓa ruwa za ka ji ɓum. Sai ka ɗaura alama a daidai bakin rijiyar, ka janyo, ka auna da gaba, wato buɗe hannu biyu daga yatsa zuwa yatsa, yadda masu haƙa ke yi tun zamanin kakanni.

Tushen abin duka rijiyar gidanmu ce, wadda kakanmu ya haƙa a tsakar gida. Da ruwanta aka yi wa kowannenmu wankan farko. Da ruwanta aka yi wa Baba wankan ƙarshe, haka Inna. Yaya ya sha faɗa a gaban kowa, ba alamar wasa a fuskarsa: "Ni ma da ita za a yi mini. Abin da nake roƙo ke nan, ta kai ni." Mu kuwa sai mu ce Allah ya ja kwana, mu ci gaba da hirarmu. Shi ne yake ganin ruwan yana ja da baya kowace shekara tun da aka fara haƙa bohol a kowane lungu. Yakan ce ruwan ƙasa ƙwaryar fura ɗaya ce duk birni ke sha, sai dai mai kuɗi ludayinsa ya fi tsawo. Saboda haka, wai, ba zai san lafiyar rijiyarmu ba sai ya san ta maƙwabta, da ta maƙwabtan maƙwabta, har Kabara, har Jakara.

To ga matsalar. Rijiyar cikin birni ba a ƙofar gida take ba, tana can ciki wajen mata, kuma kun san abin da ake rubutawa a jikin zaure: ba a shiga. Ya gwada sa'arsa sau ɗaya. Ya je ta'aziyya wani gida a Kabara, ana shafa fatiha ya matsa kusa da mai gidan, ya ce ko za a ce matan su ɗan shiga ɗaki, yana son ganin rijiya. Mutumin da bai daɗe da dawowa daga binne mahaifinsa ba! Kallon da aka yi masa kaɗai ya ishe shi amsa. Ya dawo gida ya lallaɓi matarsa, Yaya Mairo, ta ce ita mutum ta aura, ba igiya ba. Sai ya waiwayo ya gan ni.

Ni a lokacin, in ba ku manta ba, ba taron da za a yi a cikin ganuwa ba ni a ciki. Suna, kamu, wuni, walimar sauka, in dai an ɗora tukunya to Rabi na nan da ankonta. Ina ɗauka farin jini ne. Ashe Yaya kallon abin hawa yake yi mini.

"Auta, gobe za ki bikin nan na Jakara ko?"

"In Allah ya kai mu, Yaya."

"Suna da rijiya."

"Allah ya sanya musu albarka a ciki."

"Jakar nan taki tana da girma."

"Yaya, 'yar Dubai ce fa!"

"To ai gara, ba za ta yage ba."

Na ce wallahi ba da ni ba. Bai yi faɗa ba, ai Yaya ba ya faɗa. Tuna mini kawai ya yi wanda ya riƙa goya ni zuwa asibiti lokacin da na yi ƙyanda, da wanda ya tsaya mini ranar ɗaurin aurena. Washegari na tafi biki da leshina mai duwatsu, da sarƙar gwal, da igiya da gwangwanin tumatir a jaka.

Na yi dabara, ko in ce na ɗauka dabara na yi. Na bari sai da aka rangaɗa guɗa, kowa ya ruga kallon amarya, sannan na sulale bayan madafi inda rijiyar take. Na tattare zani na durƙusa, na zura gwangwanin, na kara kunne. Ina jiran in ji ɓum, sai na ji salati a kaina. Wata tsohuwa ce, gwaggon ango, ta zo ɗiban ruwan alwala.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku fito, ga wata tana zuba abu a rijiya!"

Kafin in miƙe an zagaye ni. Kuma ku yi musu adalci: mace da gwala-gwalai, a durƙushe a lungu, ta zura gwangwani da darma a rijiyar gidan biki. Ko ni na gani, asiri zan ce. Na ce aunawa nake yi. Aka ce aunawa? Wa ya aiko ki? Na ce yayana, Malam Inuwa. Ai sai na ƙarasa ɓata lamarin. "Kun ji ko! Har da malami a bayanta!"

Gwaggon ce ta yanke hukunci. Ta sa aka jawo guga, aka cika kwanon sha irin babban nan da ake kai wa mai gida fura, ta ce in ba komai na zuba ba, in shanye a gabansu. Oh ni Rabi! Na sha, na huta, na sake kafa kai, mata na tafa hannu suna kallo. Shinkafar bikin nan ko loma ban kai ba, ba wurin sa ta. Na fito ɗankwali a karkace, jan baki ya tafi, cikina na ƙugi ina tafiya. Yaya na zaune a benci a ƙofar gida cikin maza, yana hango ni ya taso.

"Gaba nawa?"

"Yaya, saura kaɗan a yi mini duka! An ce ni matsafiya ce. An sa ni na shanye ruwa kwano guda!"

Sai na ga fuskarsa ta washe. "Kin sha? Alhamdulillahi! Ya ɗanɗanonsa?"

Kuna ganin daga nan zan daina ko? Ni ma haka na ɗauka. Amma labari ya zaga, aka gane ba asiri ba ne, taɓin gidanmu ne kawai, sai aka saba. Har ta kai in na yi sallama gidan biki ba a nuna mini tabarma. Wasu matan ana tarbarsu da lemo, ni sai in ji uwar biki tana cewa, "Ga Hajiya mai igiya nan, a kai ta ta gama tukuna."

Sai maganar alama. Kowane gida yana buƙatar tasa alamar a jikin igiya, kuma kowane zuwa sai an ɗaura sabuwa, a bar tsohuwar, don a ga yadda ruwan ya ja. Wani zai sayi zare kala-kala. Yaya kuwa bai taɓa sayen abin da zai iya samu a gidan ƙanwarsa ba. Ya lura kowane biki da ankonsa, sai ya yanke shawara shi kaɗai cewa ƙyallen ankon kowane gida shi ne alamar rijiyarsu. Ya riƙa zuwa gidana da ɗan almakashi a aljihu. Muna gaisawa zai ce, "Ɗauko mini na sunan Kabara, koren nan mai ganye." Duk atamfar da na mallaka, in kun ɗaga gefenta za ku ga inda ya bi. Telana ya taɓa ba ni shawara, cikin ladabi, in nemi maganin ɓera. Gidanmu kaɗai ne alamarsa ba ta fito daga akwatina ba. Farin ƙyalle yake ɗaura masa, daga tsohon rawanin Baba.

Kuma duk wannan bautar ban tsira daga raini ba. Ina naɗe igiya nake ƙirgawa, don na san tambayar da ke jirana a waje, amma kullum in na faɗa sai ya girgiza kai. Rannan ya tsayar da ni jikin bango a gaban mai gidana, ya ce in buɗe hannu, ya gwada da igiya kamar zai ɗinka mini riga. "Na gano matsalar," ya ce wa Alhaji. "Hannunta gajere ne. A kowane tara sai an cire ɗaya." Alhaji ya ce shi ya daɗe da sanin hannun gajere ne, tun da bai taɓa ganin ya kai aljihunta ba. Suka yi ta dariya, ni ina tsaye hannu a buɗe kamar mai shanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na firij. Bayan awo, daga kowane gida sai na ɗebo masa ruwa a roba. Yana da wani tsohon abokin aiki, Malam Garba, mai ɗakin gwaji, shi yake kai wa. Amma ruwan gwaji sai an ajiye shi da sanyi kafin a kai, Yaya kuma bai yarda da firij ba, randa ya sani. Saboda haka nawa ya zama ma'ajiya. Robobin nan irin na ruwan kanti ne da ya tsinto ya dafa ya wanke tas, bambancinsu kawai ɗan ƙyallen da ke wuyan kowace.

Ranar da aka zo neman auren 'yata Zainab, gidana ya cika da hidima. Waliyyin yaron, Alhaji Bukar, dattijo ne mai kwarjini, daga gidan malaman nan 'yan asalin Barno. Ina so a san an zo gidan wayayyu. Da hannuna, ba wanda ya sa ni, na buɗe firij a gurguje na jera robobi a tire na aika falo. Ana cikin magana Yaya ya iso a matsayinsa na kawun yarinya. Bai wuce falon ba sai da ya fara leƙa firij, ya ƙirga kayansa, sannan ya shiga wajen baƙi da sallama. Daga bayan labule na ji muryarsa.

"Wa ya shanye mini Jakara?"

Robar na gaban Alhaji Bukar, ba ko ɗigo, da ɗan jan ƙyallenta a wuya. Ta wani gida ce da ke daf da kwatar Jakara, rijiyar da Yaya ya fi zargi duk birni. Ni dai na zame na zauna a ƙasa, na ce shi ke nan, Zainab ta tsufa a gida. Shi kuwa Yaya, da ya gama jimamin ruwansa, sai wani tunani ya zo masa. Ya matsa kusa da baƙon, ya karɓi lambar wayarsa da girmamawa. Daga ranar kullum da safe sai ya kira.

"Alhaji, an tashi lafiya? Ya cikin? Ba murɗawa? Ko ɗan kaɗan?"

Allah ya rufa asiri, ko ciwon kai bawan Allahn nan bai yi ba. Yaya ya zo ya same ni kamar wanda aka yi wa rashin adalci. "Ba a gwaji da Barebari," ya ce. "Cikinsu ya saba da kanwa." An ɗaura aure lafiya, ga jikoki nan. Amma har yau surukan nan nawa in sun zo gidana na kawo ruwa, sai su ce azumi suke yi.

Haka muka yi ta tafiya, ina mita yana yanka mini zannuwa, har shekarar da abin ya zo gida. Bayan damina ne. Ya ja guga a rijiyarmu kamar kullum, ya ɗaga, ya shinshina, sai ya ajiye. Bai kurɓa ba. Ya kai wa Malam Garba da kansa, amsa ta dawo cewa akwai ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Bai sha wahalar gano tushen ba. 'Ya'yan wanmu marigayi sun gyara sashensu, sun yi banɗaki na zamani, aka haƙa ramin masai bango ɗaya tsakaninsa da rijiya.

A ranar ya kira mai walda ya yi mata murfin ƙarfe, ya garƙame da ƙaton kwaɗo irin na shago. Matan gida suka yi ca. Yaya Mairo ta ce tun tana amarya ya hana ta sakat da zancen rijiyar nan, yau kuma shi ne mai kulle ta? Ya ce shi ne, kuma duk wanda ya taɓa kwaɗon su haɗu wajen mai unguwa. Mutumin da ko ruwan leda bai taɓa saya ba ya koma sayen ruwan 'yan garuwa. Sai dai kowace jarka sai ya buɗe ya shinshina, har 'yan garuwa suka riƙa zagaye lungunmu.

'Ya'yan wanmu suka ce tashin rami ba ƙaramin aiki ba ne, a bari sai an samu sarari. Bai yi musu faɗa ba. Kujerarsa kawai ya ɗauka ya kafa a ƙofar sashensu. Duk wanda ya fito, ko da baƙo yake tare, zai gaishe shi da fara'a: "An tashi lafiya? Ya iyali? To ya masai?" Ba su jure ba. Aka cike ramin, aka haƙa wani can ƙarshen gida. Ya kira masu yasar rijiya suka kwashe ta tas, aka zuba magani, aka jira ta sake tarawa. Gwajin farko bai yi kyau ba. Aka sake yashewa, aka sake jira. Na biyu ya fito lafiya, amma kafin nan rani ya yi nisa, Yaya kuma ya kwanta rashin lafiya.

Na je duba shi da rana, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makulli.

"Auta, ki sake ɗiba ki kai wa Garba. In na riga amsar, kada ku buɗe ta."

"Haba Yaya, ai an ce ta yi kyau."

"Sau ɗaya aka ce. Sau ɗaya ba awo ba ne."

"Wanka ne fa, ba sha za ka yi ba."

Na faɗa ne kafin in ji nauyin maganar a bakina. Shi ko a jikinsa.

"Ni ba zan sha ba. Amma in kun buɗe domina, wa zai tuna ya rufe? Kafin a dawo daga maƙabarta yara sun sha, masu ta'aziyya sun kurkure baki. A sayo na 'yan garuwa. Ba za a tambaye ni da wane ruwa aka yi ba."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Na san Yaya, na san abin da maganar nan ta ci masa. Abu ɗaya ya roƙa duk rayuwarsa, kuma ga shi da bakinsa yana sallamawa don kada cikin ɗan wani ya murɗa. Tausayinsa ya kama ni, na fita na yi kukana a zaure.

Daga nan ni da nake mita na zama abin gudu. Na buɗe rijiyar, na ɗaura roba a igiyarsa na zura, na janyo a gurguje na mayar da kwaɗo. Na sa robar a kular da nake zuwa biki da ita, na cika da ƙanƙara, na hau adaidaita sahu. Malam Garba ya ce gwajin yana da lokacinsa, ba a yi masa gaggawa. Na ce na ji. Na kira shi da yamma, na kira da safe, na je na zauna masa a benci. Da ya gaji ya leƙo ya ce, "Hajiya, ashe ciwon na gado ne."

Ranar da ya ce mini ruwa ya yi tsaf, gudu na yi daga bakin lungu zuwa gida. Ni, da wannan jikin, da gwiwar nan! Waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. A lokacin, magana ta riga ta ɗauke wa Yaya. Na durƙusa na faɗa masa a kunne cewa ta warke, Garba ya tabbatar. Ya buɗe ido, na ga murmushi. Sai ya fara jan hannuwansa a hankali a kan bargo, ɗaya dama ɗaya hagu, yana kallona. Na gane sarai, gaba nawa yake tambaya. Kuma ba ni da amsa, don ranar da na ɗebo ruwan ban ɗaura ƙyalle ba, ban ƙirga ba.

"Gobe da safe zan auna in kawo maka, Yaya."

Ya yi mini kallon nan da yake yi mini tun bikin Jakara, na wanda Allah ya haɗa da ma'aikaciya mai gajeren hannu. Har dariya na yi. Washegari bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Gida ya cika, maza na shirin wanka a ɗakinsa na zaure. Babban ɗansa Kabiru ya leƙo cikin gida ya ce, "Gwaggo, ruwa. Ga mai garuwa an tsayar." Na ce a sallame shi. Na ciro makulli daga bakin zani, na buɗe kwaɗon, na ɗage murfin. Gugan gidan na rataye inda aka bar shi tun bayan damina. Na zura, na yi ta saki, har ƙarshen igiyar ya zo hannuna. Shiru. Guga na lilo a sarari, ruwa na can ƙasa yana ƙyalli, ba su haɗu ba. Na ce a raina, ta warke amma ba ta kai shi ba.

Ban ga tashin Yaya Mairo ba. Sai ganinta na yi ta fito daga ɗaki da igiyarsa a hannu, ita da ta rantse ba za ta taɓa ta ba. Ta kwance gwangwanin, ta ɗaura gugan da kanta, ta miƙo mini. Na fara saki. Ƙyallayen suka riƙa wucewa ta tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya: jan nan na Jakara, koren sunan Kabara, ruwan gwal na bikin Zainab, zannuwana duka suna gangarawa cikin rijiyar kakanmu. Fararen na rawanin Baba suka zo suka wuce, har na ƙarshensu ya wuce, ina ta saki. Can sai muka ji gugan ya faɗa ruwa.

Mu biyu muka ja, tsofaffi biyu masu ciwon baya, ina ja ina ƙirgawa. Da ya iso na ɗebi kaɗan a kofi, na ɗaga ta wajen haske, na shinshina, na yi bismilla na kurɓa. Tsakar gidan cike take da matan da suka shekara suna yi mini dariya a gidajen biki. Ba wadda ta yi ko murmushi.

Na ɗauki bokitin da kaina har ƙofar ɗakin. Kabiru ya karɓa, ya saki labule. Sai ga ni a tsaye a waje, nan kuma ni ce ba na shiga. Shekara da shekaru shi ne a bakin ƙofa yana jiran in fito masa da labari, yau shi ne a ciki. Na matsa jikin labulen, na yi ƙasa da murya.

"Yaya, tara ne da hannuna, ka cire ɗaya. Ba wari, ba gishiri. Ta kai ka."

Igiyar tana wajena yanzu, na ƙara mata farin ƙyalle ɗaya. In kun gan ni a biki da babbar jaka, kada ku wahalar da kanku neman tabarma, ku nuna mini hanya kawai.

Allah ya jiƙan Yaya Inuwa, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya so wa mutane ruwa mai kyau. Allah ya shayar da shi daga Alkausara, ruwan da ba sai an leƙa ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.